Basarken da Ya Tsaya wa Kifin Shak

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Kawu ta riske shi a Guangzhou ta ƙasar Sin, a ɗan ɗakinsa na haya, da sassafe bayan ya idar da sallah. Ya ce wa maƙwabcinsa ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Sana'ata saro wandunan jins a Xintang da kayan yara a Shahe, in kai Kano. Allah Ya sa rasuwar ta same ni a garin, don haka da idona na ga zaman makokin, kuma abin da na gani a wurin shi ne ya hana ni yin shiru.

A gidan 'yarsa aka zauna, don ɗakinsa ba zai ɗauki jama'a ba. Mata muna ciki, maza sun cika falo har kan matakala: 'yan Kano, 'yan Maraɗi da Yamai, 'yan Kumasi, har da mutanen Gini da Mali masu ɗan taɓa Hausa. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Allah Ya jiƙan Baba, mutumin kirki ne." Ina jin muryoyin ina gane masu su. Bakunan nan ne dai suka shekara da shekaru suna kiransa Limamin Kifi, suna ƙyafta wa juna ido idan ya shigo masallaci. Can sai na ji wani ya ce, "Wallahi Baba ba shi da wani aibu, in ban da rigimar kifin nan tasa." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a gidan mutuwa. Abin da mutum ya ba ransa, ya rasa shagonsa da lafiyarsa a kai, shi ne aibunsa?

Surukinsa, mijin 'yar tasa, ya fi kowa kuka. Yana yi yana faɗin ya rasa uba. Zan zo kansa.

Wajen la'asar wata Basiniya ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ledar lemo. Ta cire takalminta, ta rasa inda za ta nufa. Maza suka fara raɗa, wani har yana tambaya ko Baba ya yi aure ne a ɓoye. Na fita na kamo hannunta, na yafa mata mayafina, na shigar da ita cikinmu. Ta zauna ta sunkuyar da kai tana hawaye. Da za ta tafi ta ce mini da Turanci, "Abokin aikina ne. Ban san wanda zan ƙara tambaya ba yanzu."

A ranar kuma aka bugo waya daga wani garin masunta a gaɓar tekun Ghana. Wata tsohuwa ce, da Hausarta ta zango. Ta ce su matan da ke shanya kifi sun ji labari, kuma yau ba wadda ta taɓa gishiri a cikinsu.

To bari in faɗi mece ce rigimar, tunda waɗanda suka fi ni kusa da shi sun mayar da ita abin dariya.

Kawu Basarke ne, wato jinin masunta, haifaffen bakin kogin Kwara ta wajen Yawuri. Tun yana saurayi mahaifinsa ya tafi da shi tafkin Volta a Ghana, daga can neman abinci ya gangara da shi har bakin teku. Mahaifiyata aure ya kai ta Kano, shi ya sa muka tashi ba mu san shi ba sai a labari. Ni ma sai da na fara zuwa Sin na san shi sosai. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Ya ce lokacin da ya isa bakin teku, kifin shak naman talaka ne. Mata su sa masa gishiri, su shanya, a kai shi garuruwan cikin ƙasa a yi miya. Fiffikensa kuwa, wanda ke tsaye a gadon bayansa da na gefe, zubarwa ake yi. Sai wasu baƙi suka zo suna neman fiffiken nan, wai a ƙasar Sin ana yin miyar manya da shi a biki. Kawu yana cikin dillalan farko, kuma bai taɓa ɓoye haka ba. "Da hannun nan na cika buhuna," in ji shi, yana ɗaga hannun. Bin kayan ne ma ya fara kawo shi ƙasar nan.

Wata rana muna cin taliya a shagon Musulmin Sin da yake so, na tambaye shi abin da ya raba shi da sana'ar. Ya ajiye tsinken cin abincinsa. Ya ce an taɓa ɗaukarsa a kwalekwale zuwa wani babban jirgin kamun kifi na ƙasar waje, can tsakiyar teku, don ya karɓi kaya.

"Uwata, ni ɗan masunci ne, na kashe kifin da ban san iyakarsa ba. Amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Su jawo shi da rai, su taka kansa, su yanke fiffiken baya, su yanke na gefe, su yanke jela, su tura shi ruwa da ƙafa. Yana kallonka. Ba zai iya iyo ba, haka zai yi ta nutsewa yana juyi har ƙasa. Naman ba sa so, wai yana cin wuri."

Sannan ya ce, "Akwai wata mace da aka jawo, cikinta ya tsufa. Wuƙa ta zame ta farke ta. 'Ya'ya suka zubo a kan katako, da ransu, suna motsi. Wani ya sa tsintsiya ya share su. Kin san manyan nan ba ƙwai suke zubawa kamar karfasa ba. Haihuwa suke yi kamar akuya. Sai sun daɗe kafin su isa haihuwar, kuma kaɗan suke haifa. A ranar na san ba su muke yi ba, ƙare iri muke yi."

Bai ƙarasa taliyar ba. Tun daga wancan jirgin bai sake taɓa fiffike ba. Ya zauna a Guangzhou ya buɗe ɗan shago, yana yi wa 'yan kasuwarmu jagora da tafinta, yana haɗa musu kaya a kwantena zuwa tashar jiragen ruwa ta Nansha.

Yana da wasu halaye da duk wanda ya zauna da shi ya sani. Ba ya rabuwa da kwalbar shayinsa irin ta tsofaffin Sinawa, ganye na yawo a ciki. Idan aka kawo masa kifi a faranti, sai ya fara buɗe cikinsa. In ya tarar da ƙwai, ranar mai abinci zai sha faɗa, ko da ba ya jin yaren da ake yi masa faɗan. Bayan la'asar yakan je bakin kogin da ya ratsa birnin ya tsaya yana kallon ruwa, hannu a baya. Maganar da ya fi yawan yi kuwa ita ce ta Sarkin Ruwa. Ya ce a garinsu idan lokacin hayayyafa ya yi, Sarkin Ruwa yakan rufe gurbi, ba mai jefa taru sai ya buɗe. "Amma fa sai in na wancan tsallaken ma ya rufe. In wannan gaɓa ta rufe waccan tana su, wanda ya rufe shi ne wawa. Ruwa ba shi da katanga." Ya ce teku haka take, sai dai ita gaɓoɓinta ƙasashe ne. Shak ɗin da ya kwana a ruwan Senegal gobe yana ruwan Gini. In ƙasa ɗaya ta hana, sai a tsallaka da kayan maƙwabciyarta a buga musu hatimi.

A shekarun nan kafin Olamfik ɗin Beijing wata dabara ta shigo cikin mutanenmu. Maimakon mutum ya taho da guzurin sari a aljihu, sai ya cika akwatuna da busasshen fiffike daga Lome ko Kwatano ko Konakiri, ya sauke a nan, lawban, wato mai gidan Basine, ya karɓa ya ba shi abin da zai yi sari da shi. Surukin Kawu yana cikin waɗanda suka fi nisa a harkar.

Ranar da abin ya fashe ina nan. Lokacin Kawu yana da gida mai ɗaki biyu, a nan nake sauka. Surukin ya dawo daga tafiya, ya biyo da akwatuna ya ce a ajiye masa kafin gobe, ya shiga gaisuwa. Kawu ya shaƙi iska sau ɗaya ya gane. Kowa ya san kunyar da ke tsakanin mutum da mijin 'yarsa, don haka bai dube shi ba, ni ya duba.

"Uwata, ki ce wa baƙonmu kayan nan ba za su kwana a gidana ba."

Surukin ya durƙusa. "Baba, halal ne fa. Na tambayi malamai, sun ce duk abin da ya fito daga teku halal ne, ko yanka ba ya buƙata."

A nan Kawu ya ajiye kunya ya juyo gare shi. "Halal ɗin ci na ji. Halal ɗin azabtarwa fa, wane malami ya ba ka? Ka gaya wa malamin da rai ake yanke shi a jefar? Ka gaya masa?"

"Baba, ni ban yanka ba, saye na yi."

"Don kai ake yankawa."

"In na bari, wani zai ɗauka. Me ya ragu?"

"Kai ka ragu," in ji Kawu. Ya tashi da kansa, da tsufansa, ya ja akwatunan ɗaya bayan ɗaya ya fitar da su bakin matakala. Surukin ya kwashi kayansa ya tafi. Daga ranar ya hana matarsa zuwa gidan ubanta sai da sallah. A gari ɗaya suke, jirgin ƙasa ɗaya ke haɗa unguwanninsu, amma sai Kawu ya yi watanni bai ga jikokinsa ba. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Sai dai duk zuwana yakan ba ni ƙullin dabino ya ce in biya in kai musu, kada in ce daga ina.

Maganar "wani zai ɗauka" ta tsaya masa a rai, don ya san akwai gaskiya a cikinta. Shi ya sa ya ƙudura sai ya haɗa kowa. Ya bi shugabannin 'yan kasuwa ɗaya-ɗaya, na Najeriya, na Nijar, na Ghana, na Gini, na Mali, ya roƙe su su zauna bayan sallar Juma'a a saman wani gidan abinci. Ni da wasu mata muna teburin gefe. Abin da ya nema bai da yawa: a yi alkawari baki ɗaya, ba wanda zai ƙara ɗauko fiffike a akwati, ba wakilin da zai ƙara karɓa.

Wani Alhaji ɗan Maraɗi, mai barkwanci, ya ce, "Baba, mu fa Nijar ko teku ba mu da ita. Ina ruwan biri da gada?"

Kawu ya ce, "Ba ku da teku, Alhaji, amma kuna da akwati. Na Kwatano da ka sauke makon jiya, rairayin Agadas ne a ciki?"

Aka bushe da dariya, Alhajin ma ya yi. Ranar Kawu ya yi magana da Hausa, ya juya Turanci, ya lallaɓa da Faransancinsa na kasuwa. Ya ce musu matan da ke shanya naman shak a bakin teku sun fara rasa abin shanyawa, kuma su ne ke ciyar da gidaje. Aka ɗaga hannu aka shafa fatiha, aka ce an daina. Na ga Kawu yana saukowa daga benen nan kamar an cire masa shekaru.

Alkawarin bai ga watan azumi ba. Aka ce wani ɗan Gini ya shigo da kaya. 'Yan Najeriya suka ce to su ba za su zauna a ci da rabonsu ba. 'Yan Ghana suka ce ai daga ruwansu ake kamowa, sun fi kowa haƙƙi. Kowa ya nuna ɗan'uwansa da yatsa, kowa ya koma ruwa. Dattawa da gemunansu, waɗanda suka shafa fatiha a gabana! A lokacin ne aka raɗa masa Limamin Kifi. Wasu suka janye kayansu daga shagonsa, wai yana bincike a akwatin mutane.

Sai shekarar Olamfik ta zo. Duk wanda ya zauna a Guangzhou a lokacin ya san yadda takardar zama ta yi wuya. Hanyoyin da aka saba bi a sabunta biza suka toshe, aka ce kowa ya koma ƙasarsa ya nemo. Ana tare mutane a hanya ana tambayar fasfo. Ta Kawu ta kusa ƙarewa, shagonsa kuma ba shi da ƙarfin da zai tsaya masa.

Surukin ne ya zo da mafita, kuma na yarda har ransa taimako ya yi nufi. Ya ce lawban ɗinsa yana neman wanda ya san fiffike, mai ware babba da ƙarami, mai kyau da na banza. Zai ɗauki Kawu aiki, ya yi masa takardar zama ta shekara. Kawu ya ce zai je ya gani da idonsa, ya ce in raka shi.

Wani dogon gini ne a bayan gari. Lawban ya tare mu da fara'a, da shayi, ya hau da mu rufin ginin. Ban san yadda zan kwatanta ba. Kun san yadda ake shanya barkono a kan dabe, ba wurin sa ƙafa? Haka rufin nan yake daga wannan bango zuwa wancan, da na ginin kusa, da na gaba da shi. Ƙarni ya cika mini hanci. Kawu ya tsuguna ya ɗauki wani ɗan ƙarami, bai kai tafin hannun jariri ba.

"Wannan ko haihuwarsa ba a gama yi ba," ya ce mini. Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Dubi ikon Allah, Uwata. Ni da na shekara da shekaru a garin nan ban taɓa ɗaukar allurar wani ba, a kowane lungu ana tambayata takarda. Waɗannan kuwa sun tsallako ƙasa da ƙasa, ba wanda ya tambaye su daga ina."

Lawban ya tambayi surukin me tsoho yake cewa. Kawu bai jira tafinta ba. Ya gode masa da Sinanci, sannan ya ce, "Meyo." Kalmar da 'yan shago ke gaya mana kullum ce idan ba su da abu: babu.

A mota surukin ya fashe. "Baba, saboda kifi za ka bar shagonka? Kifin da in ya same ka a ruwa cinye ka zai yi?"

"Na yi shekaru a ruwa bai ci ni ba," in ji Kawu. "Mu dai muka ci shi."

Haka ya tattara ya tafi. Ana can ana wasan wuta a Beijing duniya na tafi, shi yana bakin tekun Ghana a gidan wani tsohon abokinsa. Shagon ya tafi, gidan mai ɗaki biyu ya tafi. Da abubuwa suka lafa ya samu ya dawo, ya rame, ya kama ɗakin da ya rasu a ciki. Na tambaye shi yadda ya tarar da can. Ya ce masunta yanzu sai su yi kwanaki a teku, su dawo da 'yan ƙanana. Ya ce akwai wani kifi mai dogon baki kamar zarto da suke kamawa yana saurayi. Ya tambayi samarin bakin ruwa, ba wanda ya taɓa ganinsa, wasu ma sun ɗauka tatsuniya yake musu.

Ba a daɗe ba takardar surukin ta ƙare, aka tsare shi. 'Yar Kawu ta je wurin lawban, ya ce bai san zancen ba. Abokan harkar duk suka kashe waya. Wa ya tsaya? Tsohon da aka hana ganin jikokinsa. Kullum sai ya hau bas ya je, ya kai abinci da kayan sawa, ya yi tafinta, ya zauna a benci har a tashi aiki. Na ce masa, "Kawu, mutumin da ya yi maka abin da ya yi?" Ya ce, "Da sana'arsa nake faɗa, Uwata. Shi uban jikokina ne." Aka sake shi, ya koma gida ya gyaro takarda, ya dawo. Ya zo ya durƙusa ya yi godiya har da hawaye. Tafiyarsa ta gaba, da akwatuna ya dawo.

Basiniyar nan da ta zo makoki, a kasuwar busassun kayan teku suka haɗu. Ɗalibar jami'a ce mai nazarin halittun ruwa. Tana bin shaguna tana sayen ɗan guntun fiffike, ta kai a gwada a gane wane irin shak ne. Ta ce tana da abokan aiki a wasu ƙasashe, kowa yana yin haka a kasuwarsu, don a haɗa a kai gaban taron ƙasashen duniya da ke tsara cinikin namun da ake tsoron ƙarewarsu. Kawu ya ji haka ya ce ai abin da yake nema ke nan. Ita ta san sunan kifin a injin gwaji, shi ya san hanyar da ya biyo da hannuwan da ya ratsa. Ya haɗa ta a waya da shugabannin masunta na garuruwan da ya zauna, yana tsakiya yana juya magana.

Na bi su sau ɗaya. A wani shago ta nuna masa manyan kwalabe cike da wani abu baƙi-baƙi mai kama da busasshen soso. Mai shagon ya ce magani ne, yana wanke jini, ana dafa wa yara. Kawu ya juya shi a hannu, fuskarsa ta canza. Ya ce mini, "Kin san kunamar ruwa ta Binuwai, mai faɗi kamar faifai? Wannan yayarta ce ta teku, faɗinta ya fi tabarma. Ko ƙari ba ta da shi, ba ta taɓa cutar kowa ba. Wannan shi ne abin da take tace ruwa da shi a wuyanta. Yanzu ita ma sun gano ta." Ɗalibar ta ce wannan ɗa ɗaya take haifa, shi ma ba kowace shekara ba. Su biyun suka tsaya suna kallon kwalaben nan.

Da lokacin taron ya yi, Kawu ya yini da rediyo a kunne. Ina ɗakin sa'ad da aka karanta labarin: an kawo maganar kifayen shak, an jefa ƙuri'a, ba ta wuce ba. Ya kashe rediyon ya ajiye a hankali.

"Sun hau jirgi, sun sauka a manyan otal, sun ci sun sha, sun ɗaga hannu sun ce a ci gaba da yanka. Ashe manyan duniya ma irin taronmu na saman bene suke yi." Ya dube ni, idonsa ya kaɗa. "Ina namu wakilan? Akwai wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa ya ga abin da kwalekwale ke dawowa da shi?"

Na ɗauka ranar zai haƙura. Washegari ya kira ɗalibar ya ce yaushe za su koma kasuwa. Haka suka ci gaba, shekara da shekaru, yana jan ƙafa, yana tsayawa hutawa a kowace kwana, har Allah Ya karɓi abinSa.

An yi sadakar arba'in ba da jimawa ba ɗalibar ta aiko mini da saƙo. Ta ce ƙasashen sun sake zama, wannan karon sun yarda: wasu manyan shak da babbar kunamar tekun nan ba za a ƙara tsallaka iyaka da su ba sai da takardar shaida. Na karanta na zauna a bakin gado. Na yi murna, ba zan ce ban yi ba. Amma haushi ya fi murnar yawa. Me suka sani yanzu da ba su sani ba wancan karon? Rufi nawa aka cika aka kwashe a tsakani? Da sun yi abin da ya kamata a lokacinsa, da tsohon nan ya ji da kunnensa.

Ana gobe zan koma Kano na je yi wa 'yarsa sallama. Mijinta ya rako ni har bakin titi, ya riƙe mini jaka. Ya ce ya bar harkar fiffike. Na tsaya na dube shi, zuciyata ta fara sanyi, na ce a raina ashe mutuwa ta yi masa wa'azi.

"Ta zama wahala, Hajiya," in ji shi. "Manyan sun ƙare, ga shi kuma an ce takardu za su shigo. Amma akwai wata sabuwa. Kin san wani a kasuwar dabbobi ta Maigatari? Wani lawban yana neman fatar jaki, ko nawa ce zai ɗauka."

Na karɓi jakata daga hannunsa. Na ce masa ƙasar kabarin surukinsa ba ta gama kwanciya ba, ya ji tsoron Allah. Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, in ban saya ba wani zai saya." Na tari mota na shiga, ban waiwaya ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa buhunan da ya cika a zamanin da bai sani ba, Ya saka masa da alheri a kan waɗanda ya ƙi cikawa bayan ya sani. Ya haskaka kabarinsa a ƙasar da ba tasa ba, Ya raya jikokinsa a kan halinsa. Allah kuma Ya sa a Maigatari akwai wani tsoho mai taurin kai, wanda zai tashi ya tsaya wa jakuna tun kafin su ƙare. Amin.